Tsohuwar mota ta mutu a hanya ta ƙi tashi: daga ina za a fara?

An rubuto wannan ne daga rikodin ɗin laccar da wani tsohon makanike ya yi wa direbobi da yaran gareji a Maradi bayan sallar La'asar. An rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum. Jama'a a ɗan matso, na baya sun ce ba sa ji. Direbobi, iyayen gida masu gareji, da ku yara masu koyo, sannunku da zuwa.

Makon jiya aka jawo mini wata Starlet da igiya daga wajen Tibiri. Mai ita ya jera mini abin da ya saya kafin ya iso: buji huɗu masu ba da tartsatsi a cikin injin, bobin mai ƙara wa buji ƙarfin wuta, pompin mai, har da batiri sabo fil. Duk an ɗaura, mota tana nan jiya-i-yau. Na ce, Alhaji, yaya ta mutu? Ya ce, to mutuwa dai ta yi. Na ce a'a, ranka ya daɗe, shiɗewa ta yi ta yi kafin ta mutu, ko ɗif ta ɗauke? Ya yi shiru, can ya ce ai rami ya faɗa, nan take ta ɗauke kamar an kashe kontak. Ban ɗauki sufana ba ma. Na bi wayar da ke zuwa delko, wato mai raba wa buji wuta, da yatsa, sai ga ta ta goge a jikin ƙarfe ta tsinke. Na haɗa, na naɗe, yaro ya murɗa, mota ta tashi. Alhaji ya tsaya yana kallon kwalayen kayan da ya saya.

Wannan tambayar tawa ita ce rabin aikin. Motar da ta ɗauke lokaci guda, galibi wuta ce ta yanke. Wadda ta yi ta tari, ka taka mata wuta ta ja kaɗan ta sake, sannan ta mutu a hankali, galibi mai ne bai isa ba. Direba, kai ne kake ciki sa'ad da abin ya faru, makanike bai gani ba. In ka riƙe wannan ka faɗa mana, ka rage mana wahala, ka rage wa aljihunka.

To ta mutu. Ka gangara gefe, ka sa dutse a taya, musamman a kan babbar hanyar nan ta Yamai zuwa Damagaram inda manyan motoci ba sa jira. Sai ka murɗa kontak ka kasa kunne.

In ka ji ƙas-ƙas-ƙas, ko shiru, injin bai juya ba, maganar batiri ce da demare, wato sitata mai juya injin ya tashi. Kunna fitilu ka sake murɗawa. In sun dushe, batiri ya yi sanyi ko kawunansa sun yi datti. Wannan farin garin da ke taruwa a kan kos, wato maɗaurin waya a kawunan batiri, shi kaɗai ya isa ya hana mota tashi; kwance, kankare, ɗaure. Ka bi wayar mas, wato ta kan batiri mai alamar (-), har inda ta kama jikin mota, don can ne tsatsa ke ɓuya. Mai na'urar awo, ga lissafin: batiri mai lafiya yana nuna bolt 12.6 a kwance. In ya sauko 12, ya yi rauni sosai. In injin na aiki ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5, in ba ka gani ba, alternate, wato na'urar da ke cajin batiri, ba ya caji, motar batiri take ci tun da kuka taso, ya ƙare ta mutu. Ko ka sa sabo, gobe haka za ta yi maka.

A nan bari in ja kunnen yara. Wannan dabarar ta cire kan batiri injin na aiki wai a gwada caji, ku bar ta. A tsohuwar 504 an sha yi an tsira. A motar da ke da kwamfuta kuwa, kana iya ƙona ta a cikin daƙiƙa ɗaya, maigidanka ya biya.

In kuwa injin na juyawa da ƙarfinsa amma ya ƙi kamawa, ka daina murɗawa haka nan. Kada ka wuce daƙiƙa 10 a murɗa ɗaya, demare zafi yake yi. Yanzu tambaya ɗaya ce: wuta ko mai?

Fara da wuta, ita ta fi sauƙin gani. Zare wayar buji ɗaya, wanda 'yan uwanmu na Katsina ke ce wa fulogi, ka sa mata buji, ka jingina shi a jikin injin, wani ya murɗa. Kada ka riƙe da hannu, kuma ka tabbata babu mai a zube kusa. Tartsatsi shuɗi mai ƙara tas-tas, wuta lafiya. Ja-ja mai rauni, ko babu sam, sai ka koma baya: kan delko ko ya tsage, roto da ke juyawa a cikinsa, bobin, fizibil, wato fiyus. Motocin da ke da bis-platine, wato ɗan makunnin da ke buɗewa da rufewa a cikin delko, irin 504 da Faransa ta fara fitarwa a 1968 aka kuma yi ta haɗawa a Kaduna, tazarar bakinsa wajen milimita 0.4 ce. In ya rufe ko ya ƙone babu wuta, kuma sau da yawa lalacewar kondansate, ɗan abin da ke kare shi daga tartsatsi, ita ke jawo ƙonewar. In ka cire wayoyin buji duka, jerin wutar yawancin injin mai silinda huɗu 1-3-4-2 ne. Na sha ganin yaro ya wanke buji tsaf ya mayar da wayoyi a harɗe, mota tana harbi ta salansa kamar bindiga.

Akwai kuma mai wayo, wadda ke sa direba ya fara zargin maƙiya. Da safe lafiya lau. An yi tafiya ta yi zafi, sai ta ɗauke. A zauna gindin bishiya rabin awa, a murɗa, ta tashi kamar ba ita ba. Ba sammu ba ne. Bobin ne da ya tsufa yake yankewa in ya ji zafi, ko a motocin injeksiyon, masu fesa mai da kwamfuta, wannan ɗan kapte da ke karanta juyawar injin. Irin wannan, tana mutuwa ka gwada wuta nan take tun tana da zafi. In ka bari ta huce, shaidar ta gudu.

Sai mai, kuma a nan ne mu mutanen Maradi muka fi shan wahala. Kar ka yarda da allurar da ke nuna yawan mai a gaban direba a tsohuwar mota, jijjiga ta ka ji motsin mai a tanki. Buɗe murfin tankin: in ka ji ya ja iska fuuu, ƙofar numfashinsa ta toshe, pompi yana ja tanki yana riƙewa. In ta karbirate ce, wato mai na'urar haɗa mai da iska irin ta da, cire tukunyar iska, ka leƙa, ka ja wayar totur da hannu. Ya kamata ka ga mai ya tsarto ciki. In ta injeksiyon ce, murɗa kontak ba tare da ka tayar ba, ka saurara wajen kujerar baya, pompi zai yi ɗan kuka na daƙiƙa biyu. In shiru, duba fizibil da rele, wato makunnin da ke ba pompi wuta, kafin ka ce pompi ya mutu.

Yanzu maganar da ba a so. Tun 2011 matatar mai ta SORAZ a Damagaram ke aiki, amma wane ne a cikinmu bai taɓa shan ruwa-ruwa ba, wato man fetur na kwalba, a bakin hanyar Ɗan Isa? Ni ma na sha. Ban ce duk mai sayarwa macuci ba ne. Amma man da ya kwana a jarka, aka juye a mazurari cikin ƙurar hunturu, yana zuwa da yashi, da damina kuma da ruwa. Ruwa ya fi mai nauyi, ƙasan tanki yake kwanciya, daidai inda pompi ke zuƙa. Ka tsiyayi kaɗan a kwalba mai haske ka ajiye minti biyu, in da ruwa za ka gan shi a ƙasa ya ware. Yashin kuma filta yake toshewa, ya wuce ya toshe jikile, wato 'yar ƙofar da mai ke bi a cikin karbirate, shi ya sa mota ke mutuwa da zarar ka ɗaga ƙafa a mararraba.

Ga kuma zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake haura digiri 40. Mai yana tafasa a cikin tiyo kusa da injin ya zama tururi, pompin ƙarfe ba ya iya tura tururi. Tsofaffin direbobi da ke ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan pompi ba camfi suke yi ba, sun san abin da suke yi. Abin da na hana shi ne zuba mai a bakin karbirate wani na murɗawa. Na ga wutar ta dawo ta cinye wa mutum gira da gemu.

Iska ba ta da dogon bayani: filtar iska in ta cika da ƙura, buji zai fito baƙi da jiƙa, a kakkaɓe ko a canja.

(Wani daga cikin yara ya yi tambaya.)

Ka ɗaga murya, ɗana. Yawwa. Ya ce, Baba, in ga wuta ga mai kuma ta ƙi fa? To saurari juyawar. In injin na juyawa da sauri fiye da yadda ka saba, sakayau babu nauyi, ka tsaya cak. Mai yiwuwa kuruwar distribisiyon ce ta tsinke, bel ɗin da ke haɗa sama da ƙasan injin. Buɗe murfin zuba baƙin mai ka leƙa, a murɗa sau ɗaya; in na sama bai motsa ba, ita ce. Kada a tura, kada a ja ta a cikin giya, don a wasu injuna fistan na dukan bawul ya lanƙwasa su. Wannan ta gareji ce, a nemo igiya.

Mai otomatik kuma, Malam da ke tambaya can baya, ba a tayar da ita da turi ko an tara majiya ƙarfin tasha duka. Ka tabbata giya na kan P, in ta ƙi ka gwada N, don wani lokaci makunnin giyar ne ke hana demare juyawa.

Akwai wata Corolla a waje da na cire wa abu ɗaya da gangan. Yara ku taso, ba wanda zai taɓa sufana sai ya faɗa mini abin da kunnensa ya ji.