Zafin ɗaki tun ranar gini ake ƙulla shi

Wannan lacca ce da wani injiniya mai binciken kayan gini ya gabatar a Jos, gaban magina, masu buga bulo da ɗaliban injiniyanci. An rubuto ta daga faifan da aka naɗa, an rage maimaici kaɗan.

Assalamu alaikum. Iyayena magina da ke zaune a gaba, ina gaishe ku, Allah ya ƙara girma. Ƙannena ɗalibai, sannunku da zuwa cikin wannan sanyi.

Bari in fara da wani dare a Abuja. A watan Maris na kwana gidan ƙanena a Kubwa, ciki da falo ne, bulo inci shida, kwano mai duhu, silin ɗin roba. Wajen ƙarfe goma na dare aka ɗauke wuta. Na tashi na kai tafin hannuna jikin bangon yamma, sai na ji ɗumi kamar gefen murhun da aka sauke tukunya yanzu. Rana ta faɗi tun sa'o'i uku da suka wuce, amma bangon bai huce ba. Yara suka kwaso tabarma suka fito tsakar gida, uwarsu na yi musu fifita da kwali, ƙaramin yana ta kuka, wuyansa duk ƙurajen zafi. Ƙanen nawa ya ce mini, "Yaya, so nake in tara kuɗi in sayi na'urar sanyaya ɗaki." Abin ya taɓa ni ƙwarai, domin na san zafin nan ba a daren ya shigo ba. Tun ranar da aka zaɓi kwanon, tun ranar da aka juya taga ta kalli yamma aka ƙulla masa shi, kuma zai yi ta biyan kuɗinsa wata-wata muddin yana cikin gidan.

Kun kuwa san kuɗin ba kaɗan ba ne. An cire tallafin mai a watan Mayun 2023, janareta ya zama sai wane da wane. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ɗaga farashin masu rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kowane yunit. Saboda haka maganar kayan gini yau magana ce ta aljihu, ba ta takarda kawai ba.

To ta ina zafi ke shiga? A gida mai hawa ɗaya, mafi yawansa ta sama. Jos da Abuja duk suna tsakanin digiri 9 da 10 arewa da tsakiyar duniya, don haka da tsakar rana, rana a tsakar ka take. Rufi ne ke shan dukanta. Kwano mai duhu yana haɗiye yawancin hasken ya mai da shi zafi, har ya kai ba ka iya ɗora masa hannu. Fari tas kuwa yana mayar da wajen kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari sama. Wannan bambanci na launi ne kawai, kuɗin kwanon kusan ɗaya ne. Amma ku duba sababbin unguwanni, daga Rayfield har Gwarinpa, kowa baƙin rufi yake so, ko ruwan ƙasa mai duhu, wai shi ne na yayi. A Jos da sauƙi, muna kan tudu mai tsayin mita 1,200 da wani abu, iska na taimakonmu. A Abuja kuwa mai baƙin rufi ya saya wa iyalinsa wahala da kuɗinsa.

Bayan launi sai abin da ke tsakanin kwano da silin. Iskar da ke maƙale a wurin tana tafasa da rana, in ba ta da mafita sai ta sauko ɗaki. Kafintoci, ku bar mata ƙofa: ɗan rami mai raga a ƙarƙashin bakin kwano, wani kuma can ƙololuwa, mai zafi ta fice ta sama, mai sanyi ta shigo ta ƙasa. In mai gida na da hali, a shimfiɗa abin tare zafi a kan silin. Sannan a saki bakin kwano ya fito sosai ya yi wa bango inuwa, a daina yanke shi daidai da bango don tsimin falle biyu. Dogayen bangaye su kalli kudu da arewa, a rage tagogi a gabas da yamma, domin ranar hantsi da ta la'asar a kwance suke shigowa, bakin kwano ba ya tare su. A shekarar 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idar tattalin makamashi a gine-gine, kuma cikin abin da ta tanada har da cewa gilashin taga kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari na bango sai an yi masa inuwa, kuma a sa abin tare zafi a rufi. Ƙa'idar tana nan a rubuce. Abin da ke damuna shi ne, birkila nawa aka taɓa zama da shi aka fassara masa ita da Hausa?

Yanzu mu sauko bango, inda nake so in daɗe.

Ɗalibai, duk wanda bai taɓa zuwa gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke nan Jos ba, ya je cikin makon nan. Yana daura da gidan tarihin da aka buɗe a 1952. An gina kwatankwacin ganuwar Kano a can, da kwatankwacin masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina asalinsa a ƙarni na 19. Ku shiga masallacin da azahar ku tsaya ƙarƙashin bakan gizon rufinsa, ku ji yadda jikinku zai sauka. Ba tsafi a ciki. Bangon ƙasa mai kauri yana shan zafi a hankali, kafin zafin ya ratsa shi ya iso ciki dare ya yi nisa, waje ya yi sanyi, sai ya juya ya koma inda ya fito. Da hunturu kuma, lokacin da sanyin Jos ke hana mutum alwala da ruwan randa, ɗumin da bangon ya adana da rana shi ke riƙe ɗaki har asuba. Siririn bulo mai rami shi ma yana jinkirta zafi, amma na ɗan lokaci, sai ya sako shi daidai lokacin kwanciya. Shi ne abin da na taɓa a Kubwa.

Sai dai in faɗi gaskiya, kaurin bango kaɗai ba ya magani. Yana aiki ne inda dare ke sanyi, kuma in an buɗe tagogi da dare iska ta ratsa ta kwashe abin da ya tara. A Abuja, gab da faɗuwar damina, dare ma ba ya sanyi sosai, don haka a can inuwa da mashigar iska sun fi komai. Bishiya ɗaya a yammacin gida tana yin aikin da fanka biyu ba za su yi ba.

To me ya sa muka guji ƙasa? Iyayena sun fi ni sani. Ruwa na cinta, kowace shekara sai an yi yaɓe, azara ta yi tsada don giginya ta ragu, makuba da laso kuma masu haɗa su sun yi ƙaranci. Ga kuma raini, ana ganin gidan ƙasa gidan talaka ne. Abin da bincike ya yi shi ne ya nemo wa ƙasa maganin ruwa. Ana tankaɗe jar ƙasa, a zuba siminti kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, a yayyafa ruwa daidai yadda in ka dunƙula za ta kama amma ba ta jiƙa hannu ba, sannan inji ya matse ta da ƙarfi. Ba a gasawa, ba a ƙona itace ko ɗaya. A rufe da leda a bar shi ya nuna a inuwa wajen mako huɗu. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe da ƙera injinan buga irin wannan tubali a nan gida.

Amma ba kowace ƙasa ke yi ba, kuma nan ne mutane ke faɗuwa su ce fasahar ce ba ta da kyau. Ga kwalbar nan a hannuna, jiya na haɗa ta. Na zuba ƙasa kusan rabi, na cika da ruwa, na girgiza, na ajiye. Ku duba: tsakuwa da yashi sun kwanta ƙasa tun minti na farko, laka mai laushi ta hau kansu, yumɓu kuma shi ne siririn layin nan na sama da ya kwana kafin ya zauna. In yumɓu ya yi yawa, tubalin zai tsattsage in ya bushe. In yashi zalla ne, ba zai kama ba. Baba da ke can gefe, na ga kana murmushi. Na san kai da yatsa kake gane wannan, ka murza ƙasa ka ce ta yi ko ba ta yi ba. Ilimin ɗaya ne. Kwalba don yaron da bai yi shekara arba'in yana kwaɓi ba ce, ɗakin gwaji kuma don a samu lambar da banki da hukuma za su yarda da ita.

Kuma an yi an gani. A Dandaji, garin Hausawa a jihar Tawa ta Nijar, an gina sabon masallaci da irin wannan tubali, aka mai da tsohon masallacin ya zama ɗakin karatu, aka kammala a 2018, da hannun maginan garin. A Gando ta Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare da tubalin ƙasa a 2001, ya ɗaga kwano sama da silin don iska ta ratsa tsakani. A 2022 ya karɓi kyautar Pritzker, mafi girma a fannin zanen gini. Sharaɗi biyu ne dai ba a wasa da su: harsashi na dutse ko kankare da zai ɗaga bango daga damshin ƙasa, da rufi mai faɗin baki. Dutse kuwa a Filato ba ma roƙonsa.

Siminti fa? Ba gaba nake da shi ba, ba a yin gada ko bene ba tare da shi ba. Amma ku san abin da ke cikin buhun nan mai kilo 50. A masana'antun siminti na Obajana, Gboko, Ashaka ko Sakkwato, sai an gasa dutse a zafin da ya kai digiri 1,450. Man da ake ƙonawa hayaƙi ne, shi kansa dutsen in ya gasu iskar kabon yake saki. Shi ya sa masana'antar siminti ke fitar da wajen kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na wannan iska a duniya. Binciken da ake yi yanzu shi ne a rage gasasshen dutsen a maye wani kasonsa da abin da ke kusa. Rumawa sun yi gini da tokar dutse mai aman wuta, wani gininsu na tsaye a Rum kusan shekara 1,900. Mu ma muna da tsofaffin duwatsun aman wuta a wajen Kerang da Panyam. Akwai farin yumɓu, wanda in an gasa shi a wajen digiri 800 aka haɗa da garin dutse, yana rage hayaƙin siminti har zuwa kashi 40 cikin ɗari. Masu bincike a Suwizalan, Indiya da Kuba suka haɗu a kan wannan. Akwai kuma ɓuntun shinkafa da ke jibge bayan kowane injin casa. Tokarsa cike take da sinadarin silika, amma sai an ƙona shi da lissafi, tsakanin digiri 500 da 700, an niƙa ta yi laushi. Don Allah kada wani ya fita daga nan ya kwashi tokar juji ya zuba a kankaren rufin bene.

Masu buga bulo, ku yi haƙuri, zan yi magana a kanku. Ƙa'idar Najeriya ta ce bulon da zai ɗauki nauyi ƙarfinsa ya kai 3.45 a ma'aunin matsi. Na sha ɗauko bulo daga bakin titi in kai ɗakin gwaji, kafin allurar inji ta motsa sosai ya ruguje kamar ƙuli-ƙuli. Wani ma a mota yake karyewa. Dalili biyu ne: buhu ɗaya ana so ya haifi bulo fiye da ƙima, sannan a shanya shi a rana tun ranar farko. Siminti ba bushewa yake ba, nuna yake, kuma da ruwa yake nuna. A ba shi ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7, cikakken ƙarfinsa sai kwana 28. Duk wanda ke garin nan ya tuna watan Yulin 2024, da makaranta ta rufta a Busa Buji, mutum 22 suka rasu, yawancinsu yara. Allah ya ba iyayensu haƙuri. Tun daga ranar, in na riƙe bulo a hannu, nakan tuna waɗanda za su zauna ƙarƙashinsa.

Abu na ƙarshe, na Jos ne kawai. Yashin da ke gefen kududdufan kuza yana da kyan gani, yana da arha, tifa na ɗiba. Amma a ragowar wankin kuza akwai ma'adanai irin su monazayit masu fitar da tururin da ido ba ya gani, wanda zama da shi shekara da shekaru ke cutarwa. Ba kowane wuri ba ne, amma kada a yi fulastan ɗakin kwana da shi sai an auna.

Daga nan aka ba da damar tambayoyi. Wani dattijo magini ya miƙe ya ce, "Injiniya, duk mun ji. Amma mai gida ne ke da kuɗi, in na ce masa ƙasa sai ya ce na raina shi. Yaya zan yi?"

Baba, Allah ya ja kwana. Kada ka fara masa da gida. Ka ce ya ba ka katanga, ko ɗakin mai gadi, ko kicin na waje, ka yi shi da matsattsen tubali, ka gyara layinsa tsaf, ka bar shi ba fulasta. Ya sha damina ɗaya a gabansa. In watan Maris ya zo, ka kira shi da la'asar, ka sa ya shiga nan ya shiga can. Ƙasar da za ka yi aikin da ita kuma ka aiko mini da rabin buhu, ɗalibaina za su gwada maka ita kyauta.