Doo-wop: Waƙar Bakin Titi da Ba Ta Jiran Makaɗi

Masu kallo, barkanmu da wannan lokaci. Ku kasa kunne tukuna. Mutum biyar ne a tsaye, babu ganga, babu jita, babu fiyano. Ɗaya ya saukar da murya can cikin ƙirji yana "dum, dum, dum". Uku sun haɗa baki suna jan "uuu" a hankali, kowa a nasa mataki. Na biyar kuma ya ɗauko baitin soyayya ya ɗora a kai. Wannan shi ake kira doo-wop, kuma sunan ma daga irin sautin da 'yan amshin ke furtawa aka samo shi.

Asalinsa unguwannin baƙar fata ne na biranen Amurka, a shekarun 1940: New York, Philadelphia, Baltimore, Chicago, Los Angeles. Iyayen waɗannan samari da dama daga kudancin ƙasar suka yi ƙaura, suna gudun wariyar launin fata, suna neman aiki a masana'antu. Sun taho da salon waƙar coci, inda mutum huɗu ke raba murya. 'Ya'yansu sun tashi da wannan kunnen, amma kuɗin sayen kayan kiɗa babu. To, sai suka mai da bakinsu kayan kiɗa.

Ba su ne farau ba. Kafin su akwai Mills Brothers, 'yan uwa daga jihar Ohio, waɗanda ke kwaikwayon kakaki da sauran kayan busa da baki kawai. Akwai kuma Ink Spots, da suka yi fice da haɗa siririyar murya a sama da ƙatuwar murya a ƙasa. Amma a 1948, da ƙungiyar Orioles ta birnin Baltimore ta fito ƙarƙashin Sonny Til, sai samari suka ga irinsu, 'yan unguwa, sun shiga faifai. Daga nan fa sunayen tsuntsaye suka cika gari: Ravens da suka riga su, Crows, Penguins, Flamingos.

Abin da ya fi burge ni shi ne inda suke atisaye. Ba ko'ina suke tsayawa ba. Suna farautar wurin da murya ke dawowa: ƙarƙashin matakalar bene, bayin makaranta mai bangon tayil, tashar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin ƙasa. Su yi da'ira, kawuna kusa da juna, wani ya toshe kunne ɗaya da yatsa don ya ji kansa. Idan muryoyin suka hau daidai, sai bangon ya amsa, ka ji kamar an ƙaro wani mutum na shida da ba a gani. Sautin nan suke kwana nema.

Rabon aikin kuwa a fili yake. Jagora shi ke ɗauke da baiti. Na kusa da shi mai siririyar murya ne, wani lokaci ya ƙanƙance ta har ta yi shawagi sama da ta jagoran. Biyu na tsakiya su ne cikon jiki, ba kasafai ake lura da su ba sai ranar da ɗaya bai zo ba. Sai mai kaurin murya, shi ne ganga, shi ne ginshiƙi, kuma sau da yawa shi ke buɗe waƙa. Mu da muka saba da mawaƙi da 'yan amshinsa za mu gane tsarin, sai dai akwai bambanci: namu kan jira mawaƙin ya kai aya su karɓa, su kuwa waɗannan ba sa tsayawa, shimfiɗa suke masa tun daga farko har ƙarshe.

Ko da aka fara ɗauka a faifai ana ƙara fiyano da ganga da algaitar Turawa, abin bai rabu da talauci ba. A 1954 a cikin gareji aka ɗauki "Earth Angel" ta Penguins a Los Angeles. A 1956, Five Satins a ɗakin ƙasa na cocin St. Bernadette da ke New Haven suka ɗauki "In the Still of the Night". Shekarar nan dai Frankie Lymon, yaro ɗan shekara 13 daga New York, ya girgiza Amurka da Ingila tare da ƙungiyarsa ta Teenagers.

A nan labarin yake da ciwo. Yara ne, ba su san takardar kwantiragi ba. Masu ƙananan kamfanonin faifai kan biya su abin da bai taka kara ya karya ba, wani ma ya liƙa sunansa cikin marubutan waƙa don ya ci ribarta. Kuma da zarar waƙar baƙar fata ta fara tashi, sai a ba farar fata su maimaita, gidajen rediyo su fi sa tasu. Haka aka yi wa ƙungiyar Chords a 1954, inda Crew-Cuts, farar fata daga Kanada, suka sake rera waƙar Chords ɗin suka kai ta matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin da ke tashe. Shi kansa Lymon ya rasu a 1968 yana da shekara 25.

Salon ya tsallaka zuwa 'ya'yan Italiyawa na New York, irin su Dion da Belmonts daga Bronx. Sai a 1964 mawaƙan Ingila masu jita suka mamaye kasuwar Amurka, doo-wop ya sauka daga sahun gaba. Amma jininsa ya riga ya shiga ƙungiyoyin kamfanin faifai na Motown irin su Temptations, kuma a 1992 Boyz II Men na Philadelphia suka sake rera waƙar Five Satins ɗin nan da baki zalla, ta koma cikin manyan waƙoƙin ƙasar.

Me ya sa har yau ƙungiyoyin makaranta da na coci ke komawa gare shi? Gininsa mai sauƙi ne: yawancin waƙoƙin kan juya ne a kan haɗin sauti huɗu, ana zagayowa. Sabon shiga zai kama nasa layi a zama ɗaya. Wahalar tana wajen riƙe naka alhali na kusa da kai yana jan wani dabam a kunnenka. Ka ɗaga murya fiye da kima, ka rushe ginin. Ka yi sanyi, a ji rami.

Yanzu za mu sake sa sautin farko. Wannan karon ku bar jagoran, ku bi mai kaurin muryar nan na ƙasa.