Amsoshin Tambayoyinku: Ko inji mai doki 40 zai iya komawa 60?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da war haka, ga mu kuma a filin amsoshin tambayoyinku. Yau dai cikin ruwa za mu wuni, don wasiƙun da suka taru a gabana duk kan injin jirgi suke, kuma kusan duka abu ɗaya ke damun masu su, wato yadda za a ƙara wa inji ƙarfi ba tare da an sayi sabo ba.

Ta farko daga wani Alhaji ne a Blangoua, ya ce yana da Yamaha Enduro mai doki 40, ya daɗe yana ɗauko banda da shi daga Darak, to yanzu injin ya yi sanyi, in aka yi lodi sai ya dinga nishi jirgi na rarrafe kamar mai ciwon ƙafa. Ya ce wani bakanike ya faɗa masa in aka gure silinda aka saka fistin mai girma zai koma doki 60, shi ne yake tambaya ko gaskiya ne kafin ya zuba kuɗinsa.

To Alhaji Allah ya ƙara arziki, a gaskiya ba zai koma ba, kuma bari in ba ka lissafin da kanka ka gani kar ka ce na ɓata wa bawan Allah kasuwa. Enduro 40 ɗin da ya fi yawa a wajenmu, wanda ake kira E40X, silinda biyu gare shi, faɗin kowace milimita 80, duka cikinsa cc 703. Fistin ɗin da ake sakawa bayan an gure, ƙarin da ke kansa 0.25 ne ko 0.50 na milimita, rabin milimita fa, kaurin farce. Ko babban ka saka cikin injin bai wuce cc 712 ba, ƙarin cc 9 kenan. Shi kuwa Enduro 60 silinda uku ne, cc 849. Wato silinda guda sukutum ce tsakaninsu, ita kuwa ba a gure ta, sai dai a haifi inji da ita.

Amma fa kar ka fasa gyaran. Abin da ke faruwa shi ne injin naka yanzu ba doki 40 yake ba ka ba, sunan ne kawai ya rage a jikin murfi. Ringi ya cinye, bangon silinda ya yi zane saboda yashin da zafi da rashin wadataccen mai, iskar da ya kamata ta matsu a saman fistin tana zurarewa ƙasa, dawakanka sun yi ta sulalewa ɗaya bayan ɗaya kai ba ka sani ba. In aka gure da kyau aka sa sabon fistin da ringi da gasket, aka canza sil ɗin kuransha, aka wanke kafireta, ranar da ka ɗora shi a ruwa za ka rantse an ƙara masa ƙarfi, daga nan ne ma labarin "ya koma 60" ya samo asali. Naka ne aka dawo maka da shi. Saboda haka kuɗin gyaran 40 za ka biya, duk wanda ya ce ka ƙara don ya mai da shi 60 ka ce masa Allah ya ba da sa'a.

Kuma kafin a kwance komai a sa agogon awon matsi a ramin fulogi, buji kenan ga 'yan uwanmu na N'Djamena, a auna silinda biyun. In ɗaya ta yi ƙasa da 'yar uwarta sosai to akwai aiki a ciki. In kuma duka suna da kyau, wallahi sau da yawa matsalar ba ta kai nan ba, datti ne a kafireta ko farfela ce ta ci duka, sai a je a fasa inji lafiyayye a banza.

Akwai wata dabara da nake so in ja kunne a kanta tunda na san za a kawo maka ita, wato a kankare kan silinda, kulas, don matsi ya ƙaru. E, yana ƙara ɗan kuzari. To amma wane fetur kake sha? Mu nan yawancinmu zuwa-zuwa muke saye a kwalba da jarka a bakin hanya, yau mai kyau gobe an gauraya shi da abin da Allah kaɗai ya sani. Inji mai matsi da yawa in ya samu mai mara kyau sai wuta ta dinga tashi ba a kan lokaci ba, ka ji yana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ƙarshenta saman fistin ya huje. Mai mota in ta mutu sai ya tura ta gefen titi ya nemi inuwa, kai kuwa tsakiyar Tafkin Chadi da banda cike da jirgi ga iska ta taso, ina za ka tura shi?

Bayan gyara kuma a yi haƙuri da shi awa 10 na farko, kar a murɗe masa wuta duka, a ninka masa man gauraye, lita 1 cikin lita 25 na fetur, daga baya a koma rabin lita. Man injin ruwa fa, mai rubutun TC-W3 a jiki, ba baƙin man mota ba. Na san yaran jirgi, ana gama gyara ranar za su so su yi tsere da na maƙwabta, Alhaji kai ne za ka tsaya a kansu.

Wasiƙa ta biyu wani matashi ne masunci daga Lagdo, ya ce ya ji ana cewa inji mai doki 9.9 yana komawa 15. Ƙanena wannan kam da ƙamshin gaskiya. A Yamaha masu cin gauraye, 9.9 da 15 gangar jikinsu ɗaya ce, cc 246, kamfanin ne ya shaƙe wa ƙaramin numfashi, babban bambancin yana wajen kafireta da hanyar shigar iska. To a nan in an sa kayan 15 na asali ana samun ƙarin, don dama dokin yana ciki a ɗaure. Ka dai tabbata lambar injinka ta dace da kayan, kuma ka sani zai ƙara shan mai.

Sai ta uku, wata Hajiya daga Kousseri, tana da jirgin katako da yaranta ke jigilar kaya da shi a Logone, ta ce ita ta gaji da gyare-gyare, za ta cire 40 ta ɗora 75 don a riƙa yin sawu biyu a rana maimakon ɗaya.

Hajiya ranki ya daɗe, a nan jirgin ne zai ba ki kunya ba injin ba. Dogon jirgin katako mai lodi ba tashi yake saman ruwa ba kamar ƙananan jiragen jami'an tsaro, huɗa yake yi a cikinsa kamar garma, kuma ruwa yana da wani hali, duk ɗan gudun da ka ƙara turjiyarsa ninkuwa take. A ƙiyasi, in kika ninka ƙarfin inji gudun da za ki samu bai fi ƙarin kashi ɗaya cikin huɗu ba, tafiyar awa biyar ta koma huɗu kenan, man kuwa kusan ninki. Shi 40 ɗin ma in an buɗe masa wuta duka yana shan wajen lita 20 a awa, to ki lissafa. Ga nauyi, 40 ya ɗan haura kilo 70, 75 kuwa ya wuce kilo 100, duk a rataye a katakon gindin jirgi, in katakon ya tsufa wata rana sai a waiwaya a ga inji ya yi sallama.

Ni da ke ce, farfela zan fara dubawa, kuma wannan har da kai Alhaji. Kowace tana da lambobi a jikinta, ta ƙarshen ita ce tsawon takunta a inci. Mai dogon taku kamar babbar giya ce a mota, tana daɗi in jirgi ba kaya, amma ka cika shi da buhunan shinkafar Yagoua sai ta danne injin ya kasa kai juyinsa, shi kuwa 40 an yi shi ne ya juya tsakanin 4500 zuwa 5500 a minti in an ba shi wuta duka. Rage inci ɗaya yana ƙara juyi kamar 150 zuwa 200. Na sha ganin jirgin da aka yanke wa injinsa hukuncin ya mutu, aka canza farfela kawai ya miƙe. Balle a Logone da rani, wajen watan Maris da Afrilu ruwa ya ja baya, farfela na ta nuƙar yashi har fukafukanta su zama kamar tsohuwar wuƙa, mai ita kuma yana ta zagin bakanike.

Ana ɗaga min hannu lokaci ya tafi, amma akwai wani gajeren saƙo daga Maga, ya ce injinsa ya daina fitsari, wato ɗan ruwan nan da ke tsartuwa ta baya. Malam kashe shi nan take, ka fara zura siririyar waya a ramin ko laka ce ko zanzaro ya yi gida, ka duba ƙasa ko leda ko ciyawa ta toshe mashigar ruwa. In duk ba su ba ne to robar famfon ruwa ce ta cinye, a canza ta kafin ka sake tayar da shi. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a gaida mutanen bakin ruwa.