Me Ya Sa Motarka Ke Shaƙewa a Layin Tashi? Gyaran Kabureta Don Tseren Kwata Mil

Fitila ta nuna kore, direba ya take totur har ƙasa, sai motar ta shaƙe, ta ɗan nutse, sannan ta zabura. A tseren kwata mil, wato mita 402 a miƙe, wannan ɗan jinkirin ya isa abokin karawarka ya bar ka a baya.

Da zarar haka ta faru, mutane da yawa sai su kwance kabureta su sa manyan jet, wato 'yan ƙusoshi masu huda da ke auna yawan fetur ɗin da ke shiga injin. Ni dai ban goyi bayan wannan gaggawar ba, domin a wannan lokacin ba jet ke aiki ba tukuna.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Idan ka buɗe totur gaba ɗaya, iska na kwarara nan take, fetur kuwa ya fi ta nauyi, sai ya makara. Wani ɗan famfo ne a jikin kabureta ke cike wannan giɓin da tsirton fetur. Kashe injin, cire filtar iska, ka leƙa maƙogwaron kabureta, sannan ka motsa totur da hannu. Ya kamata ka ga siririn fetur ya tsirto daidai lokacin da hannunka ya motsa. Idan sai da totur ya yi nisa kafin ya fito, akwai rata a hannun famfon, ka daidaita shi har ratar ta ɓace. Kada ka kuskura ka yi wannan leƙen injin na aiki, wuta na iya tasowa ta nan ta same ka a fuska.

Motar da ta shaƙe ba hayaƙi, tsirton ne ya yi mata kaɗan, sai ka ƙara girman bakin da tsirton ke fitowa. Wadda ta tashi a kasalance tana fitar da baƙin hayaƙi ta salansa, fetur ya yi mata yawa.

Akwai kuma wata matsala da ba za ka taɓa gani a gareji ba. Sa'ad da mota ta fizga, fetur ɗin cikin kwanon kabureta yakan tafi baya. A kaburetar kamfanin Holley mai maƙogwaro huɗu da kwano biyu, gaba da baya, jet ɗin kwanon baya sai su tsinci kansu a fili, su zuƙi iska zalla. Maganin shi ne 'yan bututun da ake jona wa jet ɗin don su kai inda fetur ya taru. Ka duba tsayin fetur a kwanon, ya tsaya daidai ƙasan ramin dubawa. Matsin famfon da ke turo fetur daga tanki kuma ya zauna tsakanin 6 zuwa 7 a ma'aunin matsi na psi, har zuwa ƙarshen fili, ba a tsaye kawai ba.

Taimin ma fa, wato lokacin da filogi ke ba da wuta, sau da yawa shi ne mai laifi ake zagin kabureta. Yawancin tsofaffin injinan V8, masu silinda takwas, na son wutar ta zo digiri 32 zuwa 36 gaba ɗaya kafin fistin ya kai ƙololuwa.

Sai yanzu a zo kan jet. Fetur na ƙonewa tsaf a kashi 14.7 na iska zuwa 1 na fetur a nauyi, amma ƙarfi na fitowa ne wajen 12.5 zuwa 13. Alƙalinka shi ne gudun da motar ta yi a layin ƙarshe. Ƙara jet kaɗan, ka sake gudu. Muddin gudun na ƙaruwa, ci gaba. Da ya fara raguwa, koma na baya. Abu ɗaya za ka canza a kowane zagaye, ka rubuta shi tare da yanayin ranar, domin zafi da tudu na rage nauyin iska, sanyin dare kuwa na neman ƙarin fetur.

Sa sababbin filogi, ka kashe injin da zarar ka tsaya bayan layi, ka cire su. Idan ka ga farin filogi fat da ɗige-ɗige kamar barkono a jikinsa, injin na ƙwanƙwasa, wato fetur na fashewa a cikinsa ba bisa ƙa'ida ba. Kada ka sake hawa layi sai ka ƙara fetur ko ka rage taimin, in ba haka ba fistin ne zai narke.