Vaux-le-Vicomte: Lambun da Ke Yaudarar Ido

Ku tsaya nan bakin matakalar gidan, ku miƙa ido can ƙarshen lambu. Kun hango mutum-mutumin nan mai ruwan zinare a kan tudu? Ido zai ce muku ga shi nan kusa. To, ku taka ku gani.

Nan ne Vaux-le-Vicomte, kimanin kilomita 55 kudu maso gabashin birnin Paris a Faransa. Nicolas Fouquet, ma'ajin Sarki Louis na 14, shi ya gina shi, aka kammala a 1661. Gwanaye uku ya haɗa: Louis Le Vau ya tsara ginin, Charles Le Brun ya ƙawata ciki, André Le Nôtre ya shimfiɗa lambu. Ƙauyuka uku aka tasa don a sami fili.

Gidan kansa na dutse ne, ruwa ya kewaye shi, ga wani makeken zaure mai siffar ƙwai a tsakiya, da ƙubba a kansa. Amma ni dai lambun ne ya tafi da hankalina.

Le Nôtre ya san abin da ke nesa ƙanƙancewa yake yi a ido, sai ya ƙara wa tafkunan nesa girma fiye da na kusa, nisan ya ɓace. Kana cikin tafiya, kwatsam sai ƙasa ta gangara, ga wata doguwar mashigar ruwa ta gitta gabanka, wadda daga gida ko alamarta ba ka gani ba. Dole ka zagaya. Kafin nan kuwa akwai wani tafki mai kusurwa huɗu. Ka tsaya bayansa ka waiwayo: ga gidan nan ɗungurungum kwance cikin ruwa, har ƙubbarsa.

Ranar 17 ga Agusta, 1661, Fouquet ya yi wa sarki ƙasaitaccen biki a nan. Da ma ana kai suka cewa yana taɓa baitulmali, kuma ba a sarki biyu a gari ɗaya. Ranar 5 ga Satumba aka kama shi. Sarki ya kwashe gwanayen nan uku, su suka yi masa aikin fadar Versailles. Fouquet ya rasu a kurkukun Pignerol a 1680.

In kun shiga zauren nan, ku ɗaga kai. Le Brun ya riga ya tsara zanen da zai yi a cikin ƙubbar, aka kama maigidan kafin ya sa hannu.