Amsoshin Tambayoyinku: Abin da ya faru a garin Jedwabne

Jama'a barkanmu da warhaka. Lokaci ya ja, sai mu shiga wasiƙu.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi tana tambaya ko Poland cikin Jamus take. A'a Hajiya, ƙasa ce mai zaman kanta, tana gabas da Jamus. Kai kuma ɗan'uwanmu na Kumasi da ka jero tambaya bakwai a takarda ɗaya, haba Malam, a bar wa wasu fili mana!

To ga wadda ta fi yawa, daga Kano, Damagaram har Garwa: wai da gaske ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu akwai garin da mutane suka ƙone Yahudawa maƙwabtansu? Malamin tarihinmu yana tare da mu. Malam, bismillah.

Malam: Na gode. Jedwabne ke nan, ɗan ƙaramin garin manoma kusa da Lomza, a arewa maso gabashin Poland. Tun 1736 ya samu matsayin gari, Yahudawa kuma suka gina ɗakin ibadarsu na katako wajen 1770. Gini ne na gani na faɗa, gobara ta cinye shi a 1913...

Malam, yaƙin dai.

Malam: Ina zuwa. Tarayyar Sobiyet ta mamaye yankin a 1939, Jamus ta kore ta a Yunin 1941. Ran 10 ga Yuli aka tara Yahudawa a filin kasuwa. Aka sa wasu maza suka ɗauki gunkin Lenin, shugaban Sobiyet na farko, da aka rushe, aka kashe su. Sauran, har da mata da yara, aka kora su cikin wani babban ɗakin ajiyar amfanin gona, aka zuba kananzir, aka cinna wuta.

Inna lillahi. Masu sauraro, bari in ƙara bayani, don nan tambayarku take. Binciken da hukumar tarihi ta Poland ta kammala a 2003 ya ce aƙalla mutum 340 aka kashe, kuma maza wajen 40 'yan yankin ne suka aikata, da zugar Jamusawa da ke wurin. 'Yan yankin, ba baƙi ba. Ni abin da ya fi ci min rai, shekara da shekaru dutsen tunawa da ke wurin Jamusawa kaɗai ya ɗora wa laifin. Sai a 2001 aka cire shi, shugaban ƙasar Poland na lokacin Aleksander Kwasniewski ya je garin ya nemi gafara.

Malam: Kar a manta da Antonina Wyrzykowska. A wani ƙauye kusa da garin, matar nan ta ɓoye Yahudawa bakwai a gonarsu tun 1942 har farkon 1945. Bayan Jamusawa sun fita aka yi mata dukan kawo wuƙa saboda haka, dole ta bar ƙauyen.

Allah sarki. Malam mun gode. Lokaci ya ƙure, sauran wasiƙu sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.