Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Kashe Itatuwan Bakin Titi?

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta farko daga Ƙofar Marusa ta fito, nan cikin Katsina. Mai tambayar ya ce: me ke sa madacin bakin titi ya bushe a tsaye, alhali ba wanda ya sare shi?

To Malam, matsa kusa da gindinsa ka duba, galibi sassaƙe za ka tarar. Masu neman magani ne ke ɓare ɓawon, wannan ya yanki kaɗan, wancan ya yanki kaɗan, har a zagaye shi. Abincin da ganye ke haɗawa kuwa ta cikin ɓawon nan yake sauka zuwa saiwa. Da zarar an yanke hanyar, saiwa ta shiga yunwa. Ba a ranar yake nunawa ba, sai an ɗau lokaci ka ga rassa sun fara bushewa daga sama. Ga masu ƙona shara a gindinsa, ga baƙin mai da ake zubarwa a wurin, ga siminti da ake shafewa har jikin itacen, ruwan sama ya rasa ta inda zai shiga.

Abin nan yana ci mini rai, wallahi. A watan Afrilu zafinmu kan haura digiri 40, kwalta kamar murhu. Mai faci, mai shayi, ɗan acaɓa, tsohuwar da ke jiran mota, duk inuwar nan ce rumfarsu. Da hunturu kuma ganyen ke tare ƙura kafin ta faɗa shaguna da gidaje.

Sai wata Hajiya daga Daura. Tana son dasa itace a ƙofar gida, amma tana tsoron saiwa ta tsaga mata katanga.

Hajiya, ki nemi bedi, wanda wasu ke kira darbejiya ko dogon yaro. Asalinsa daga Indiya ne, amma ya karɓi ƙasarmu, yana jure fari. Ceɗiya da gamji ki bar su ga fili, saiwarsu ba ta jin kunyar gini ko kwata. Ki ba da tazarar taku biyar daga katanga, ki kuma ɗaga kai, kada ya tashi ƙarƙashin wayar lantarki.

A dasa cikin Yuli, in damina ta zauna, a kewaye shi da ƙaya ko bulo saboda awaki. Rani biyu na farko yana son ban ruwa. Ki ce wa maigida da yara su riƙa alwala a gindinsa, kusan ya ishe shi.